Sharhi a kan Littattafan da A Ke Ba Mai Neman Sanin Aƙidar Katolika

Kwanakin baya wani malami da ke koyar da tarihi a wata kwalejin horon malamai ya kawo mini wata takarda, ya ce in duba masa. Jerin sunayen littattafai ne, wanda wani abokinsa ya rubuta masa sa'ad da ya ce yana so ya san abin da 'yan Katolika suka gaskata. Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne. A ajinsa akwai Musulmi, akwai Kirista na ɗariƙu dabam dabam, kuma duk ranar da darasi ya biyo ta kan Paparoma, ko rabuwar Ikilisiya a Turai, ko zuwan 'yan mishan ƙasar nan, sai tambayoyi su yi masa rubdugu, shi kuwa abin amsawar da ya ke da shi bai wuce ji-ta-ji-ta ba. Ya ce yana tsoron ranar da zai faɗi wata magana a kan addinin wani ɗalibi, ɗalibin ya san ba haka ba ne, ya yi shiru don ladabi, sauran kuma su rubuta su tafi da ita makarantun da za a tura su.

Da na duba takardar sai na ga irin jerin nan ne da masu jin Turanci su kan ba juna. An fara da C. S. Lewis da G. K. Chesterton, sa'an nan Katikizim, watau littafin koyarwar Ikilisiya, can ƙasa kuma aka sa Agustin da Toma Akwinas, ga alama don kada a ce an manta da su. Ra'ayina shi ne jerin nan a kife ya ke, in dai mai karatunmu a ke nufi da shi. Kada mai karatu ya zaci zan yanke hukunci a kan gaskiyar wani addini. Wannan ba hurumin takardar nan ba ne. Littattafai zan auna, da ma'auni guda: in mutum ya gama karanta littafi, zai iya faɗin abin da ɗan Katolika ya gaskata, har shi ɗan Katolikan ya ji ya ce, i, haka ne?

Mu fara da Lewis, tun da shi aka sa a gaba. Littafinsa *Mere Christianity* ya fito a 1952, amma asalinsa jawabai ne da ya yi a gidan rediyon BBC tsakanin 1941 da 1944, ana tsakiyar yaƙi. Masu sauraronsa mutanen Ingila ne, sojoji da ma'aikata da matan gida, da yawansu sun daɗe da barin zuwa coci, waɗansu ma suna shakkar akwai Allah. Saboda su ne ya ba da kashin farko na littafin ga hujja ɗaya. Ya ce a lura da mutane biyu in suna gardama: kowannensu yana kafa hujja da wata doka ta adalci wadda ya ke zaton abokin gardamarsa ma ya san ta, kuma dokar nan ba su suka ƙaga ta ba, saboda haka akwai wanda ya kafa ta. Ya tsara maganar da gwaninta, da Turanci mai sauƙi wanda ɗan aji ɗaya na kwaleji zai iya bi. Amma ga mutumin Kano ko Kagoro ko Damagaram, wanda bai taɓa kwana da shakkar samuwar Mahalicci ba, wannan kai goro Gwanja ne.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Lewis ba ɗan Katolika ba ne, ɗan ɗariƙar Angilikan ne, kuma tun a gabatarwa ya faɗa cewa da gangan zai kauce wa duk abin da Kirista suka saɓa a kansa. Ya kwatanta littafinsa da zauren da ƙofofin ɗakuna ke buɗewa a cikinsa, ya bar wa mai karatu zaɓen ɗaki. Ya kuwa cika alkawari. Mutum zai karance shi tas bai sami bayanin matsayin Paparoma ba, ko girmama Maryamu, ko sakramenti bakwai, ko addu'a domin matattu. To, waɗannan su ne ainihin abubuwan da ɗalibai ke tambaya.

Akwai kuma shahararriyar hujjarsa a kan Yesu, wadda na ke gargaɗin kowane malami kada ya shiga aji da ita bai shirya ba. Lewis ya ce wanda ya faɗi irin abin da Yesu ya faɗa game da kansa, ko dai mahaukaci ne, ko mugun maƙaryaci, ko kuwa shi ɗin ne yadda ya faɗa. Babu halin a ce shi malamin kirki ne kurum. Da Baturen da ke yabon halin Yesu yana ƙin allahntakarsa ya ke magana, kuma a kan wannan mutum hujjar tana da kaifi. Sai dai ta tsaya ne a kan cewa an riga an yarda da abin da Linjila huɗu suka ruwaito. Ɗalibi Musulmi zai ɗaga hannu nan take ya ce akwai ƙofa ta huɗu, watau annabci, kuma ruwayar ce ma a ke gardama a kanta. Lewis bai tanadi amsa ba, domin babu mai wannan tambaya cikin masu sauraronsa. Abin da ya fi amfani a littafin yana can kashi na huɗu, inda ya bambanta haifa da ƙera, ya nuna cewa in Kirista sun ce Ɗan Allah ba haihuwa ta jiki su ke nufi ba, nufinsu wanda ya ke da zati ɗaya da Uban tun fil azal. Ko mutum ya karɓa ko bai karɓa ba, ya kamata ya san abin da a ke cewa, kuma wannan babi yana bayyana shi sarai.

Chesterton ba zan daɗe a kansa ba. Ya rubuta *Orthodoxy* a 1908, shekara 14 kafin ya shiga Katolika a 1922. Gwanin juya magana ne, ya kan kifar da zance ya nuna gaskiya a ƙarƙashinsa, kuma wanda ya riga ya san aƙidar zai sha daɗinsa. Amma rabin littafin dambe ne da Shaw da Wells da Nietzsche da sauran mutanen zamaninsa, wanda kuwa bai san su ba zai ga ana ta kai naushi bai ga wanda a ke bugu ba. Inda ya taɓo Musulunci kuma, a babin da ya yi maganar Allah Uku cikin Ɗaya, ya zana Musulmi a matsayin mutanen hamada masu takobi, zanen da bai fito daga karatu ba. Malamin da ya miƙa wa ɗalibi Musulmi wannan littafi a matsayin ƙofar shiga, ya rufe ƙofar da hannunsa.

Aibin da ya haɗa waɗannan biyu shi ne littattafan kāre addini ne, an rubuta su don a rinjayi wani, kuma wanin nan ba mu ba ne. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Gara a fara da littafin da mai addinin ke magana da Ubangijinsa, bai damu da mu ba, mu kuwa mu tsaya a gefe mu saurara. Irin wannan littafi shi ne wanda aka jefa can ƙasan jerin, watau *Confessiones* na Agustin.

An haifi Agustin a shekara ta 354 a Tagaste, garin da a ke kira Suk Ahras a gabashin Aljeriya ta yau. Uwarsa Monika Kirista ce, ubansa kuwa bai shiga addinin ba sai dab da mutuwarsa. Ya yi karatu a Kartaj, kusa da Tunis, ya shekara tara yana bin mabiya Mani, masu cewa haske da duhu asali biyu ne da ke yaƙi da juna. Ya zama malamin balaga a Milan, inda fadar sarkin Rum ta ke a lokacin, ya ajiye aikin a 386, Bishop Ambros ya yi masa baftisma a 387, ya komo Afirka, ya zama Bishop na Hippo, wadda a ke kira Annaba yanzu, ya mutu a can a 430. Littafin ya rubuta shi ne wajen 397 zuwa 400, kashi 13, kuma daga farkonsa har ƙarshensa da Allah ya ke magana.

A kashi na biyu akwai wani labari da mai karatu zai yi mamakin tsawonsa. Yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka je da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani maƙwabci. Ba yunwa su ke ji ba, akwai waɗanda suka fi su daɗi a gidansu, yawancinsu ma aladu suka zuba wa. Dattijo mai shekara arba'in da ɗoriya, Bishop guda, ya zauna yana ta tonon wannan ɓarna ta yara shafi bayan shafi, yana tambayar kansa abin da ya so a cikinta. Ya duba bai ga riba ba, bai ga daɗi ba, sai ya kai ga cewa laifin kansa ya so, don laifi ne, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba. Wanda ya karanta wannan da natsuwa ya kama bakin zaren abin da Kirista ke kira zunubin asali: cewa nufin ɗan Adam a karkace ya ke tun haihuwa, har ya kan san daidai ya kasa yi, saboda haka koyarwa da tunatarwa kaɗai ba su isa su miƙe shi ba. Mai karatu Musulmi, wanda aka koya wa cewa kowane jariri a kan fiɗira a ke haihuwarsa, kuma an karɓi tubar Annabi Adamu, zai ga a nan ne hanya ta rabu, tun kafin a kai ga maganar gicciye. In bai gane wannan mararraba ba, duk abin da Kirista ke faɗa game da fansa zai zama masa magani ba cuta.

Malamanmu da suka san *Munƙidh minal Dalal* na Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, za su ga kamanni mai ban mamaki. Dukansu biyu manyan malamai ne da suka kai ƙololuwar sana'arsu a babban birni, suka bi mazhabobin tunani na zamaninsu ɗaya bayan ɗaya suna aunawa, sa'an nan suka bar kujera, Agustin a Milan a 386, Gazali a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095. Amma bambancinsu ne ya fi koyarwa. Gazali ya warke daga shakka da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa, daga baya ya sami natsuwa a tafarkin Sufaye. Agustin kuwa ya faɗa a kashi na bakwai cewa ya riga ya sami sanin Allah ɗaya mara jiki a littattafan mabiya Aflatun, har da maganar Kalmar Allah ta fil azal. Abin da bai samu a cikinsu ba shi ne Kalman nan ya zama mutum, ya ƙasƙantar da kansa. Ya ga ƙasar daga nesa, ya rasa hanya. Kashi na takwas kuma labarin mutum ne mai nufi biyu suna ja-in-ja a cikinsa, har ranar da ya ke kuka a wani lambu, ya ji muryar yaro, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya karanta, igiyar ta tsinke. A ganinsa ba shi ya tsinke ta ba. Wannan shi ne abin da Littafi Mai Tsarki na Hausa ke kira alheri, kalmar da a bakin kowa ke nufin kyauta ko kirki, amma a bakin Agustin tana nufin ikon Allah da ke shiga cikin nufin mutum ya sāke shi.

Littafin yana da abin zargi. Matar da ya zauna da ita fiye da shekara goma, uwar ɗansa Adeyodatus, an sallame ta ta koma Afirka don a nema masa auren da ya dace da matsayinsa. Ya ce zuciyarsa ta yi jini, amma ko sunanta bai ambata ba, shi da ya ba satar 'ya'yan itace shafuka. Ɗalibai mata za su lura da wannan, kuma suna da gaskiya. Kashi huɗu na ƙarshe kuma, a kan tunani da zamani da farkon halitta, suna da nauyi. Mai karatun farko yana iya tsayawa a kashi na tara, inda Monika ta mutu a Ostiya, bai yi hasara ba. Wata 'yar magana ga masu sha'awar fassara: kalmar Latin ta sunan littafin tana ɗauke da amsa laifi da kuma yabon Allah a lokaci guda. Hausa ta raba su biyu, iƙirari da kirari, kalmomin da suka yi kama a kunne ko da ya ke kowace da hanyarta. Duk wanda zai juya littafin zuwa Hausa, a kan sunan zai fara yin gumi.

Wanda ke son sanin yadda Kirista ke kallon duniya da mulki da tarihi, Agustin ɗin dai zai koma wa. A shekara ta 410 mayaƙan Alarik suka shiga birnin Rum suka washe shi, masu bautar gumaka suka ce barin allolin kakanni ne ya jawo. Amsarsa ita ce *De Civitate Dei*, watau Birnin Allah, kashi 22, wanda ya fara a 413 ya gama wajen 426. Ba na ba kowa shawarar ya karance shi. Kashi goma na farko gardama ce da allolin da babu mai bauta musu yau. A karanta kashi na 19. A nan ya nuna cewa birni biyu ne ke tafiya a cakuɗe cikin tarihi, na masu son Allah da na masu son kansu, ba mai iya rarrabe su sai ranar hisabi, kuma babu wata daula ta duniya, ko da sarkinta Kirista ne, da za ta ce ita ce Birnin Allah. Duk da haka ya ce zaman lafiyar duniya abin nema ne, a yi masa aiki tare da kowa. Yawancin abin da Ikilisiyar Yamma ta yi ta faɗa game da addini da sarauta, da abin da ta yi ta saɓawa a aikace, daga nan a ke auna shi.

Bayan Agustin, abin da zan sa ba ya cikin jerin abokinmu ko kaɗan. Wata 'yar takarda ce, *Dei Verbum*, ɗaya daga cikin takardu 16 na Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965. Babi shida ne, sakin layi 26, ana iya karance ta tsakanin azahar da la'asar. Amfaninta shi ne tana gyara kuskuren da kalmar wahayi ke jawowa. Mu a nan, in an ce wahayi, abin da ke zuwa zuciya shi ne littafi da aka saukar, lafazinsa da ma'anarsa. Takardar nan kuwa ta ce abin da Allah ya bayyana shi ne kansa, ta ayyuka da maganganu cikin tarihi, cikarsa kuma Almasihu ne. Littattafan an rubuta su da izawar Ruhu Mai Tsarki, amma mutanen da suka rubuta su mawallafa ne na gaske, kowa da harshensa da salonsa da zamaninsa. Wani malamin Kanada, Wilfred Cantwell Smith, ya daɗe da lura cewa matsayin Alƙur'ani a Musulunci ya fi kusa da matsayin Almasihu a Kiristanci, bisa ga matsayin Littafi Mai Tsarki. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa samuwar Linjila huɗu ba ta damun Kirista, da dalilin da ya sa su ke ɗaukar fassara a matsayin Littafin kansa. Lamin Sanneh, mutumin Gambiya da ya taso cikin Musulunci ya zama ɗan Katolika, ya gina littafinsa *Translating the Message* na 1989 a kan wannan batu na fassara, kuma ya cancanci wuri a sashen koyar da harshe irin namu.

Takardar ta kuma bayyana abin da ya raba Katolika da Furotesta, watau cewa Littafi ba ya tsayawa shi kaɗai, yana tafe da abin da aka gada daga manzanni, Ikilisiya kuma ke da ikon fassara su. Kalmar Latin ita ce *traditio*, miƙawa hannu da hannu. Na sha jin ana juya ta da al'ada, wannan kuwa ɓata ne, don al'ada a Hausa ita ce abin da a ke sa wa addini a gefe. Ruwaya ta fi kusa. Haka nan manzanni a bakin Kirista almajiran Yesu ne da ya aika, ba Manzanni irin na tauhidi ba. A kuma lura da adadin littattafai: na Katolika 73 ne, na Furotesta 66. Bambancin littattafai bakwai ne na Tsohon Alkawari, watau Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa biyu, kuma a cikin Makabiyawa na biyu ne a ke samun nassin addu'a domin matattu. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932 aikin 'yan mishan Furotesta ne, saboda haka malami ya duba jerin da ke farkon nasa kafin ya ce wa ɗalibi abu kaza ba ya cikin Littafi.

Daga takardun majalisar nan a ƙara da sakin layi na uku na *Nostra Aetate*, ta Oktoba 1965. Bai kai shafi ba. Ya ce Ikilisiya tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu ɗaukaka Yesu a matsayin annabi da girmama uwarsa, masu salla da zakka da azumi, ya kuma nemi a bar tsohuwar gaba. Bai ambaci Annabi Muhammadu (S.A.W.) ba, bai ambaci Alƙur'ani ba. Ya kamata a nuna wa ɗalibai abin da ya faɗa da abin da ya yi shiru a kai, duka biyu.

Katikizim kuwa, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, laifin jerin a kansa shi ne ya sa shi cikin littattafan da a ke karantawa daga bango zuwa bango. Sakin layi 2865 ne, kuma ƙamus ne. Amfaninsa a ajiye shi a kan tebur, in gardama ta tashi a buɗe. Amma tsarinsa kansa darasi ne. Kashi huɗu ne: shaidar bangaskiya, sa'an nan sakramenti, sa'an nan Dokoki Goma, sa'an nan addu'a. An sa abin da Allah ke yi wa mutum kafin abin da a ke so mutum ya yi, watau maganar Agustin ce aka mai da ita tsarin littafi. Wanda girmansa ya tsorata shi ya nemi taƙaitaccensa na 2005, tambaya da amsa 598. A kuma duba shekarar bugu, domin a 2018 Paparoma Firansis ya sāke sakin layi na 2267, ya ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne, alhali bugun farko ya bar masa 'yar ƙofa. Ɗalibi mai kaifin hankali zai tambaya yadda aƙidar da a ke cewa daga manzanni ta ke za ta sāke. Amsar da 'yan Katolika ke bayarwa tana cikin littafin da John Henry Newman ya rubuta a 1845, shekarar da ya bar Angilikan, inda ya yi ƙoƙarin bambanta girman koyarwa da lalacewarta, kamar yadda yaro ke zama dattijo bai zama wani mutum ba. Ko ma'aunansa guda bakwai sun isa su raba gardama, wannan abin tattaunawa ne, domin kusan kowane canji mai goyon bayansa zai iya kiransa girma.

Toma Akwinas, wanda ya mutu a 1274 bai gama babban littafinsa *Summa Theologiae* ba, a ɗanɗana shi kurum. Almajirin zaure ba zai ji baƙunta ba: ya kan kafa mas'ala, ya jero hujjojin abokan hamayya da ƙarfinsu, ya faɗi nasa, sa'an nan ya warware su ɗaya ɗaya, yana ambaton Ibn Sina da Ibn Rushd da sunansu. Mas'alolin farko a kan samuwar Allah da kaɗaitarsa da siffofinsa sun isa su nuna wa mai karatu yawan abin da ilmin tauhidi na ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai, kafin a iso inda suka rabu.

Saura abu guda da littattafan koyarwa ba su iya sa mutum ya ji shi a jikinsa, watau abin da sakramenti ke nufi ga mai shi. A nan littafin ƙagaggen labari ya fi su. Graham Greene, wanda ya shiga Katolika a 1926, ya ziyarci Meziko a 1938, bayan shekarun da hukumar wata jiha ta rufe coci-coci ta kori limamansu, ya kuma fitar da *The Power and the Glory* a 1940. Jarumin wani Fada ne da ba a faɗi sunansa ba, mashayi, matsoraci, yana da 'yar da ya haifa ba aure. Mai farautarsa kuwa wani hafsan 'yan sanda ne mai gaskiya, mai kamun kai, mai tausayin talakawa. Da ma'aunin hali, ɗan sandan ya fi. Amma ƙauyawa suna ɓoye Fadan nan, ana harbe waɗansunsu saboda shi, domin a aƙidarsu gurasar da ya keɓe a Mas jikin Almasihu ce ko hannunsa na rawa da giya, gafarar da ya furta kuma ba tasa ba ce balle zunubinsa ya ɓata ta. Bayan ya tsallake iyaka ya tsira, sai ya komo don ya ji iƙirarin wani ɗan fashi da ke bakin mutuwa, yana sane tarko ne. Wannan gardama ce da aka yi a Afirka ta Arewa tun zamanin Agustin, sa'ad da mabiya Donatus suka ce baftismar limamin da ya miƙa Littattafai ga masu tsanantawa ba ta inganta, shi kuwa ya ce Almasihu ne mai yin baftisma, limami hannu ne kurum. A 1953 ofishin Fadar Paparoma mai kula da aƙida ya nuna rashin jin daɗinsa da littafin, amma ni a ganina babu wanda ya kai shi bayyana wannan mas'ala ga baƙo.

Daga nahiyarmu kuma a sa *Le Pauvre Christ de Bomba* na Mongo Beti, mutumin Kamaru, wanda ya fito da Faransanci a 1956, aka juya shi zuwa Turanci daga baya. Mai son addinin ba zai sa shi a jerinsa ba, amma malamin tarihi ba shi da uzurin barinsa. Labarin Fada Drumont ne, wanda ya shekara ashirin yana aiki a kudancin Kamaru, sa'an nan ya gano cewa da yawa daga cikin masu zuwa wurinsa gudun aikin tilas na Faransawa ne ya koro su, kuma gidan da mishan ke tara 'yan matan da za su yi aure don a koya musu addini ya zama wurin ci da guminsu da lalata su, a hannun katikis ɗin da ya amince wa. A ƙarshe ya rufe mishan ɗin ya koma Turai. Sai dai a yi wa ɗalibai hannunka mai sanda kafin su fara: mai ba da labarin yaron Fadan ne, Denis, wanda ke ƙaunar maigidansa, yana kuma faɗin abin da ya gani ba tare da ya gane shi ba. Wanda bai saba da irin wannan salo ba zai iya kaiwa tsakiyar littafin yana zaton yabon Fadan a ke yi.